Ƙuri'ar da ta lotsa ba ta huje ba: nazarin sake ƙirge a gundumar Palm Beach ta jihar Florida, zaɓen 2000

## Mafarin lamarin

Ranar Talata 7 ga Nuwamba 2000 Amurkawa suka fita zaɓen shugaban ƙasa tsakanin George W. Bush, gwamnan Texas, na jam'iyyar Republican, da mataimakin shugaban ƙasa Al Gore na Democrat. A tsarinsu ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke ba mutum mulki ba. Kowace jiha na da nata adadin wakilan zaɓe, a kusan dukkan jihohin wanda ya ci shi ke kwashe su gaba ɗaya, kuma sai ɗan takara ya tara 270 cikin 538. Florida na da 25 a lokacin. Kafin gari ya waye ta tabbata cewa babu wanda zai kai 270 a cikinsu sai da ita.

A daren, manyan tashoshin talabijin suka fara ba Gore jihar, suka janye, can bayan ƙarfe biyu na dare suka ba Bush. Har Gore ya buga masa waya ya sallama, sannan ya sake bugawa ya ce ya fasa. Da safe alƙaluma suka nuna Bush na gaba da ƙuri'a 1,784 cikin kusan miliyan shida. Dokar jihar ta ce idan rata ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, dole a sake zura ƙuri'u cikin na'ura. Aka sake, rata ta sauko zuwa 327. Katunan nan dai su ne, na'urorin ma su ne, amma lissafi ya canja.

Ranar 9 ga Nuwamba ɓangaren Gore ya nemi a ƙirga da hannu a gundumomi huɗu cikin 67 na jihar: Volusia, Broward, Miami-Dade da Palm Beach, duka wuraren da Democrat ke da ƙarfi a lokacin. Wannan nazari na bin ta ƙarshen ce, domin a nan ne aka fi sauya ma'aunin da ake cewa wannan ƙuri'a ce, wannan ba ita ba ce.

## Katin da tsinken

Sai an san yadda ake kaɗa ƙuri'ar kafin a gane rigimar. A Palm Beach a lokacin mai zaɓe na karɓar kati ne mai kauri wanda babu sunan kowa a jikinsa, sai lambobi da jerin 'yan ƙananan murabba'ai da aka riga aka tsattsaga gefensu, kowanne na maƙale da kusurwa huɗu. Zai zura katin cikin wata 'yar na'ura mai suna Votomatic wadda ke da shafukan sunaye a sama, ya ɗauki tsinken ƙarfe ya soka a ramin da ke daidai da ɗan takararsa. Idan komai ya tafi daidai, ɗan guntun takardar zai fita fit ya faɗa ƙasa, ya bar rami. Na'urar ƙirge kuma haske take haskawa: inda ya ratsa, ƙuri'a ce.

Matsalar ita ce guntun ba kullum yake fita ba. Wani ya rage yana reto da kusurwa ɗaya, wani da biyu kamar ƙyauren ƙofa, wanda idan an tara katunan aka matse su sai ya koma ya rufe ramin. Wani tsinken ya ɗan huda shi kawai. Wani kuwa ko hujewa bai yi ba, ya lotsa ne, kamar an danna masa kan biro. Shi ya sa duk zurawa cikin na'ura ke ba da sabon lissafi: wasu guntayen na ƙarasa faɗuwa a hanya. Katin da na'ura ba ta ga rami a layin shugaban ƙasa ba, sai ta ƙirga shi a matsayin wanda bai zaɓi kowa ba. A Palm Beach irin waɗannan sun kai kimanin 10,000.

Akwai wata matsala ta daban da ta fi yin suna, wato tsarin shafin sunayen. Shugabar ofishin zaɓen gundumar, Theresa LePore, 'yar Democrat, ta baza sunayen a shafi biyu masu fuskantar juna da ramuka a tsakiya, don rubutu ya yi girma tsofaffi su iya karantawa. Sai ya zama Gore ne na biyu a shafin hagu, amma raminsa na uku. Rami na biyu na Pat Buchanan ne, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya da sunansa ke shafin dama. Buchanan ya sami ƙuri'a 3,407 a gundumar, sannan aka soke kati sama da 19,000 saboda an huda fiye da rami ɗaya. Wannan ɓarna ce da sake ƙirge ba ya gyarawa, kuma kotuna sun ƙi ba da umarnin sake zaɓe. Don haka gwagwarmayar ta koma kan katunan da ba su huje ba.

Me doka ta ce a kansu? Abu kaɗan. Ta ɗora wa kwamitin tantance ƙuri'u na kowace gunduma alhakin gano nufin mai zaɓe. Ba ta faɗi kusurwa nawa ba, ba ta ambaci lotsawa ba. A Palm Beach kwamitin mutum uku ne: alƙali Charles Burton a matsayin shugaba, LePore, da kwamishina Carol Roberts.

## 11 zuwa 12 ga Nuwamba: ma'auni uku a yini guda

Doka ta ce a fara da gwaji a kan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'un. Ranar Asabar 11 ga wata aka zauna, ma'aikata na ɗaga kati ɗaya bayan ɗaya, wakilan jam'iyyu biyu na leƙe ta bayansu, kyamarori na ɗauka.

Gundumar na da rubutacciyar ƙa'ida tun 1990, wadda ta ce guntun da ke maƙale da dukkan kusurwoyinsa, lotsawa kawai ya yi, ba a ƙirga shi. Da ita aka fara. Ana cikin aiki kwamitin ya koma wata: a ɗaga kati a haske, in an hango haske ta jikin guntun, ƙuri'a ce. Ba a jima ba aka ga wannan ma tana da nata rikicin, tunda ganin haske ya danganta da yadda ka karkata katin da kuma idon mai kallo. Sai aka sake komawa ƙa'idar 1990, aka maimaita abin da aka riga aka yi.

Gwajin ya ƙara wa Gore 33, Bush 14, ribar 19 ke nan ga Gore. Lissafin da kowa ya yi a zuci a take shi ne: in kashi ɗaya ya ba da 19, ɗari zai iya ba da 1,900, alhali ratar jihar duka ba ta kai 400 ba. Cikin daren Lahadi kwamitin ya kaɗa ƙuri'a biyu da ɗaya a ƙirga gundumar baki ɗaya da hannu, kati sama da 460,000. Burton ne ya ƙi.

Daga wannan dare babu wanda zai sake yin magana kan kusurwar takarda ba tare da ya san wa maganarsa za ta amfana ba.

## 13 zuwa 22 ga Nuwamba: kwanakin da aka ɓatar

Ba a fara aikin nan take ba. Ofishin zaɓe na jihar, wanda ke ƙarƙashin sakatariyar harkokin jiha Katherine Harris, ya ba da fatawar cewa ba a ƙirge da hannu sai idan na'ura ce ta lalace, kuskuren mai zaɓe ba dalili ba ne. Babban lauyan jihar, Bob Butterworth, ya ba da akasin haka. Harris na cikin shugabannin yaƙin neman zaɓen Bush a Florida, Butterworth kuma shi ne na Gore. Kwamitin Palm Beach ya tsaya cak ya nemi kotu ta raba gardama. Sai ranar 16 ga wata Kotun Ƙolin Florida ta ce za su iya ci gaba, a daren suka fara. Kwana huɗu sun tafi.

A gefe guda kuma ana ta jan-in-ja kan wa'adi. Harris ta tsaya a kan 14 ga Nuwamba, kwana bakwai bayan zaɓe kamar yadda doka ta rubuta. Ranar 21 ga wata Kotun Ƙolin jihar ta ɗaga shi zuwa ƙarfe biyar na yammacin Lahadi 26 ga wata. A tsakanin nan an buɗe ƙuri'un Amurkawa mazauna ƙasashen waje da sojoji, waɗanda ake aikowa ta gidan waya, ratar Bush ta hau zuwa 930. A nan ɓangarorin biyu suka yi musayar riga: mutanen Bush da ke neman a tsananta kan katunan Palm Beach su ne ke neman a sassauta kan ambulan da babu hatimin gidan waya, mutanen Gore da ke cewa a ƙirga kowace ƙuri'a su ne suka fara neman a soke su.

'Yan Democrat suka kai ƙarar ƙa'idar 1990 gaban alƙali Jorge Labarga. Hukuncinsa shi ne kwamiti ba shi da ikon yin watsi da lotsattsen guntu kai tsaye, sai ya duba kowane kati ya nemi nufin mai shi. Sau biyu aka je gabansa, ranar 15 da ranar 22, bai kuma ce a ƙirga duk lotsawa ba. A aikace kwamitin ya tsaya a kan wata hanya ta tsaka-tsaki: idan katin ya lotsa a layin shugaban ƙasa kuma ya lotsa a wasu layukan, alama ce mai shi haka yake danna tsinke, sai a ƙirga. Idan kuwa ya huda sauran layukan tsaf, na shugaban ƙasa kaɗai ya lotsa, ana iya cewa ya ɗora tsinken ne ya fasa, sai a ajiye shi gefe. Hujja ce mai ma'ana. Akasinta ma yana da ma'ana, domin mutum ya taso daga gida ya bi layi, da wuya a ce babban zaɓen ne ya tsallake.

Broward na maƙwabtaka da Palm Beach ta kudu, katinsu iri ɗaya. Can an fara da ƙa'idar kusurwa biyu, wato ba a ƙirga kati sai guntun ya ɓalle a kusurwa biyu aƙalla, daga baya aka sassauta aka shiga karɓar lotsattsu. Daga can ne hoton nan ya fito na alƙali Robert Rosenberg ya zaro ido yana duban kati da gilashin ƙara girma. Broward ta gama kan lokaci da ribar 567 ga Gore. Miami-Dade kuwa ta fara, ta tsaya ranar 22 ga wata, bayan wasu magoya bayan Republican sun yi zanga-zanga suna bubbuga ƙofar ɗakin ƙirge. Kwamitinta ya ce lokaci ne ba zai isa ba.

## 23 zuwa 26 ga Nuwamba: latti na awa biyu

Alhamis 23 ga wata ranar hutun godiya ce a Amurka. Kwamitin Palm Beach ya tafi hutu, na Broward ya yi aiki. Zuwa Lahadi mutum ukun nan sun kwana suna duba katunan da ake taƙaddama a kansu, da suka ga ba za su kai ba sai Burton ya roƙi a ba su zuwa ƙarfe tara na safiyar Litinin. Harris ta ƙi. Suka gama wajen ƙarfe bakwai na yamma, latti da kusan awa biyu. Ta yi watsi da sakamakon, ta ɗauki tsohon lissafin na'ura na gundumar, ta tabbatar da Bush ya ci Florida da 2,912,790 a kan 2,912,253. Rata 537.

Ribar da Gore ya samu a ƙirgen Palm Beach ita kanta ba a daidaita a kanta ba. Kotun jihar ta ɗauki 215, ɓangaren Bush ya ce 176 ce.

## 27 ga Nuwamba zuwa 13 ga Disamba: kotuna

Gore ya ƙalubalanci sakamakon a Tallahassee, babban birnin jihar. Aka loda katunan Palm Beach a babbar mota, jiragen 'yan jarida na bin ta ta sama. Alƙali N. Sanders Sauls ya kori ƙarar ranar 4 ga Disamba ba tare da ya duba katunan ba. A ranar ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin ƙarin wa'adin nan, ta ce kotun Florida ta fayyace daga ina ta samo ikonta. Saƙon a fili yake: majalisar jiha ce ke tsara yadda ake zaɓen wakilai, kada alƙalai su ƙirƙiro sabuwar doka bayan an gama zaɓe.

Ranar 8 ga Disamba Kotun Ƙolin Florida, da rinjayen huɗu da uku, ta ba da umarnin a ƙirga da hannu duk katunan da na'ura ta ce babu zaɓi a kansu a faɗin jihar, kimanin 60,000, a kuma shigar da 215 na Palm Beach da 168 na guntun aikin Miami-Dade. Rata ta koma 154. Game da ma'auni, abin da doka ta rubuta kawai ta maimaita: a nemi alama bayyananniya ta nufin mai zaɓe. Washegari ana tsaka da ƙirge Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da shi da rinjayen biyar da huɗu.

Aka saurari lauyoyi ranar 11, Theodore Olson na Bush, David Boies na Gore. Daren 12 ga Disamba hukunci ya fito. Ya kawo labarin Palm Beach da sauye-sauyenta a matsayin misali, ya kwatanta ta da Broward wadda ta tono sabbin ƙuri'u kusan ninki uku, ya ce kati iri ɗaya ya karɓu a nan ya faɗi a can ya saɓa wa daidaiton da tsarin mulki ya tanada. Alƙalai bakwai cikin tara sun yarda akwai wannan matsala. Inda suka rabu shi ne magani. Souter da Breyer suka ce a mayar wa Florida ta kafa ma'auni guda ta ƙarasa kafin 18 ga wata, ranar da wakilai ke kaɗa ƙuri'a. Biyar, wato Rehnquist, O'Connor, Scalia, Kennedy da Thomas, suka ce ranar 12 ce iyaka, ranar da dokar tarayya ke ba sakamakon jiha kariya daga ƙalubale a majalisa, kuma saura awa biyu ta ƙare. Suka ƙara da cewa hukuncin nasu ya taƙaita ne ga wannan yanayi kaɗai. Gore ya sallama ranar 13. Bush ya tashi da wakilai 271, Gore 266, duk da cewa Gore ya fi shi ƙuri'a sama da rabin miliyan a ƙasa baki ɗaya.

## Bayan shekara guda, da gyaran da ya biyo

Gamayyar manyan kafafen labarai ta ɗauki cibiyar bincike ta NORC a Jami'ar Chicago ta duba kati 175,010 da ba a ƙirga ba. Sakamakon ya fito a Nuwamba 2001. Da an ƙarasa gundumomi huɗun da Gore ya nema, Bush zai ci da 225. Da an ƙarasa abin da kotun Florida ta umarta, Bush zai ci da 493. Da an duba duk jihar har da takardun da aka soke don zaɓi biyu, irin wanda mutum ya cika gurbin ɗan takara sannan ya sake rubuta sunansa a ƙasa, Gore zai ci da tsakanin 42 da 171. Wannan na ƙarshe babu wanda ya nema a kotu.

A 2001 Florida ta haramta katin hudawa, ta ɗora wa ofishin jiha rubuta ƙa'ida guda ta abin da ake ɗauka ƙuri'a a kowace irin takarda. Dokar tarayya ta Oktoba 2002 ta wajabta wa kowace jiha yin haka. An gwada tsarin a 2018, lokacin da Rick Scott ya kayar da Bill Nelson a kujerar sanata da 10,033 bayan ƙirgen na'ura da na hannu. An je kotu, an yi hayaniya, Palm Beach ma ta sake yin latti saboda na'urorinta sun ɗau zafi. Amma wace alama ce ƙuri'a, wannan an riga an rubuta shi.

## Hukuncin wannan nazari

A ganina babu ɗaya daga cikin ma'aunan Palm Beach da za a kira rashin adalci a kan kansa. Ƙa'idar 1990 tana da tsauri, amma an rubuta ta shekara goma kafin a san waye zai tsaya. Karɓar lotsawa ma ba baƙon abu ba ne, dokar Texas, jihar da Bush ke mulki, ta amince da ita idan ta nuna nufi. Abin da ya lalata aikin shi ne lokacin da aka zaɓi ma'aunin. Da zarar an san rata 327 ce kuma gwaji ya ba da 19, duk wanda ya ce kusurwa biyu ko ya ce haske, sunan ɗan takara yake kira ko da bai nufa ba. Burton da abokan aikinsa ba su da hanyar da za su bi a yarda da su. Barin ƙa'idar da suka tarar ya jawo musu zargi daga 'yan Republican, riƙe ta ya jawo daga 'yan Democrat, sauyawar kuma ta zama hujjar da aka rufe ƙirgen duka da ita.

Kotun Florida ma an sa ta a tsaka mai wuya. Ranar 4 ga Disamba aka gargaɗe ta kada ta ƙara komai a kan doka, ranar 12 aka kama ta da laifin rashin ƙara ma'auni. Gore kuma ya rage wa kansa ƙarfi tun farko da ya zaɓi gundumomi huɗu nasa, ya sa kiran a ƙirga kowace ƙuri'a ya yi kama da dabara, kuma alƙaluman 2001 sun nuna hanyar da ya bari ce kaɗai za ta fisshe shi.

Kotun Ƙolin Amurka ta ga cutar daidai. Bambancin Broward da Palm Beach gaskiya ne, kuma ba abin da za a iya karewa ba ne. Inda nake ganin ta kauce shi ne maganin. Ita ta tsayar da ƙirge ranar 9, sannan ta ce lokaci ya ƙure ranar 12. Ba ta kuma taɓa babban bambancin da ke ƙasa ba, wanda alƙali Stevens ya nuna: a gundumomin katin hudawa kashi 3.92 cikin ɗari na takardu ba su ƙirgu ba, a masu na'urar karanta alamar biro kashi 1.43. Ƙirgen hannu, duk da aibinsa, shi ne abin da doka ta tanada don rage wannan giɓin.

Lissafin da dakatarwar ta bari a tsaye shi ne na 26 ga Nuwamba. A cikinsa akwai 567 na Broward, waɗanda aka samo da sassaucin da kotun ta soka, akwai ƙirgen hannu na Volusia. Babu na Palm Beach, waɗanda aka tace da ma'auni mafi tsauri, saboda lattin awa biyu, babu na Miami-Dade. Da wannan haɗin ne aka kai ga 537, kuma shi ne adadin da ke rubuce a kundin jihar har yau.